Kwalbar Arzika

Tun daga Kware allura ke hawa,
buhun albasa tara a baya, ni da salati a gaba.
Na shigo Buzaye salansa na aman farin hayaƙi
mai zaƙi-zaƙi, kamar ana dafa alewa.

Arzika ya zaro sandar baƙin mai,
ya shafa a yatsa, ya nuna wa rana:
kunun gyaɗa sak.
“Gaskit ya ƙone. Ruwa da mai sun gama kwano.
Sai an sauke kan inji, kwana ukku, dubu tamanin.”

Na laluba aljihu. Aljihu ya yi shiru.

Sai ya ɗauko ’yar kwalba mai ruwan toka,
ya girgiza ta kusa da kunnena.
“Wanga ba magani na ba, lallashi na.
Shi bi ruwa, shi iske tsaga, zahi shi daskare shi.
In tsagar ba ta hi gashi ba, ka ga damana.
In ta hi, ko Dange ba ka kaiwa.”

Muka jira inji ya huce har la’asar.
Ya ɗura, ya tayar, muka zauna gindin dogon yaro
muna sauraron ƙarfe kamar masu jinya.
Hayaƙi ya sirance. Ya ɗauke.

Yau mako bakwai.
Kowace asuba ina buɗe murfin lagireto
in leƙa ko kumfa ta dawo.
Tukuna.
Cikin tamanin na tara sha tara,
ido ɗaya a kan kwalta, ɗaya a kan allura.