Rahoton Daren Alhamis

An ɗauke wuta a Gwammaja tun la'asar,
janareton maƙwabci ne ke ara mini haske.
Sau huɗu na kalli wasansu a waya mai tsagaggen gilashi,
koci na jiran takarda kafin atisayen safe.

Na jera marafan lemo a kan tabarma,
goma sha ɗaya, su ne baƙinmu na Asabar.

Mutum huɗu suke tsayarwa a baya, amma ƙarya ce:
da sun karɓi ƙwallo, lamba biyu ya tafi yawo,
ya bar gefensa kamar shagon da mai shi ya tafi salla.
Nan za mu aika Rabilu.
A gaya masa ban da yanka,
ya ɗaga kai ya buga, ado sai ranar biki.

Golansu dogo ne, hannu kamar matankaɗi,
ta sama ba ka cin sa ko da tsani ka zo.
Ƙasa ce ke yi masa nisa:
kafin ya sunkuya shayi ya huce.

Lamba biyar, Terhemba, katanga ce aka sa wa riga.
Katin gargaɗi huɗu gare shi, da zuciya a kusa.
Kada kowa ya tanka masa. A dai riƙa wuce shi,
da kansa zai nemo na biyar.

Bugun kusurwa: in mai bugu ya ɗaga hannu, turken kusa ne.
In ya gyara safa, gajeruwa ce, a fito.
Minti saba'in na cika numfashinsu ke ƙarewa,
ranar ƙarfe huɗu a Ƙofar Mata ba ta san baƙo ba.

Saura marfi ɗaya a hannuna.

Lamba takwas.
A can Injiniya suke ce masa.
Ni Lurwanu na sani, ɗan mai gyaran rediyo a Kurna,
wanda na saya wa takalmin farko a gwanjon Ƙofar Wambai,
ya yi masa yawa, muka cusa jarida a gaba.
Shekara uku yana ɗumama mana benci,
muka ce ƙafarsa ba ta da nama,
muka sallame shi da kuɗin mota da "Allah ya sa a dace".

Yanzu duk ƙwallonsu sai ta gaishe shi take wucewa.
Ba ya gudu. Sau biyu yake waiwaye kafin ta iso,
ni na koya masa, a filin firamare, da tsawa.
Ya juya hagu, ya tsaga 'yan baya kamar rake.

Na kuma san abin da bidiyo bai nuna ba.
Gwiwar dama.
Ni na riƙe shi a asibitin ƙashi na Dala
daren da ta goce, yana cizon hannun rigata.
Har yau in ya yi tsalle, da hagu yake sauka.
Layi ɗaya ne kawai.
In na rubuta, Hambali zai karanta,
kuma Hambali ba a yi masa bayani sau biyu.

Muna na goma sha bakwai a tebur.
Albashin wata biyu ya maƙale.
Maki uku muke nema kamar ruwa a yammacin azumi.

Biro ya tsaya. Janareto ya yi tari.
Maiɗakina ta leƙo: tuwon ya huce, in ɗumama?

Na rubuta:
Lamba takwas, kada a ba shi daƙiƙa biyu.
Mutum ɗaya ya bi shi har wurin shan ruwa.
A toshe hagunsa.
A tare masa hanya, ba ƙafa ba.

Na ninke takardar.
Marfin kuwa na jefa a aljihu,
na kwanta da shi ban sani ba,
yana ta sukata a cinya har kiran assalatu.