Turin Farko

Yau Talata, bayan tara, a aji biyu,
na ɗau alli na rubuta a allo:
abin da ke tsaye ba ya motsi sai an taɓa shi,
abin da ke tafe ba ya tsayawa sai an tare shi.
Yara suka kwafa. Wani ya yi hamma.
Ni kuwa alli ya tsaya mini a hannu,
don ba a littafi na fara jin wannan ba.

A bakin Singa na ji shi,
wurin mahaifina, Cindo mai kura,
wanda bai san ko bihim ba a boko.
Buhun sukari goma sha biyu,
igiya ta ciza, taya ta lotsa,
ya tofa yawu a tafi, ya kafa ƙafa, ya ce,
"Nafi'u, duba nan.
Kura ba ta da mugunta, nawa gare ta.
Turin farko shi ne aikin.
In ta yarda ta taka, saura lallashi ne."

Jijiyar wuyansa ta miƙe kamar igiyar guga.
Taya ta yi kuka, ta juya rabi,
ta juya ɗaya,
sai ga tsauni yana bin titi.

Na tambaye shi kantar da ke tafinsa.
Ya ce, "Ka tura ta, ta tura ka,
daidai wa daida, ba ta cin bashin kowa."
Ya san kwalta aminiya ce,
yashin Ƙofar Mazugal kuwa ɓarawon ƙarfi,
ya san ɗigon baƙin mai a gindin taya
ya fi ƙato biyu amfani.

Amma gangara yake tsoro.
"A gangara ba a turi, riƙo ake.
Ƙasa ce ke ja, kuma ba ta gajiya.
Gudu bashi ne, ɗana,
wurin tsayawa ake biya."

Ran da aka zo karɓar bashin
ina aji huɗu.
Gangaren Goron Dutse, la'asar sakaliya,
wani yaro ya biyo garensa tsakiyar hanya.
Taku goma kura ke nema kafin ta tsaya,
uku ke akwai.
Baba bai yi lissafi ba, jikinsa ya yi:
ya karya kan kura ya nufi kwata,
ya sa ƙugu inda birki ya kamata ya kasance.
Ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya masauki.
Ran nan a ƙashinsa ya sauka.
Yaron ya tsinci garensa ya wuce.
Sukari ya zube fari fat, ƙudaje suka yi biki.

Na taɓa zama na buga lissafin,
kilo ɗari shida sau gudun gangara.
Amsar ta fito tsaf, har da ɗigo.
Na yaga takardar.

Gobe Laraba, ranar asibitin Dala.
Zan ɗora shi a kekensa tun da sanyi,
ya rame, bai kai buhu guda ba,
duk da haka sai na kafa ƙafa kafin mu tashi.
Zai ji ni ina nishi, ya yi dariya,
ya ce, "Malam, ashe da sauranka.
Kwantar da kafaɗa. Kar ka tsaya a tsakiyar hawa."

Ɗazu wata ɗaliba, Rumasa'u, ta ɗaga hannu:
"Malam, wa ya gano wannan doka?"
Na faɗa mata sunan da ke cikin littafi,
don shi za a tambaya a jarrabawa.
Sannan na juya ina goge allo,
na daɗe ina gogewa.