Abin da Ya Fi Buta Nauyi

Likita ta ce kada in ɗauki abin da ya fi buta nauyi
sai bayan sati shida.
Na ce to.
Ban gaya mata ba, a gidanmu na Bagalam
buta ce kaɗai ba ta fi buta nauyi ba.

Ɗinki goma sha huɗu ƙasan cibiya.
Ina lalubarsu ta bayan bandeji
kamar mai duba bakin buhun gyaɗa
kafin a ɗora shi a amalanke.
Tari ya zama bashi,
sai na rungume matashi nake iya biya.
Dariya ma haka.

Pampo ba ya kawo ruwa sai ukun dare.
Shekara goma sha tara ni ke tarbarsa.
Yanzu ina kwance ina jin gurnaninsa,
ina kiran Lawali ƙasa-ƙasa
don ɗaga murya tana jan zare.
Ya fito ido rabi a rufe,
ya tara jarka, ya yi barci a tsaye
har ruwa ya malala zuwa zaure.

Da marece ina kan tabarma, ina girki da baki:
ja itacen baya,
a'a, wancan,
muciya ba biro ba ce, kama ta hannu biyu.
Tuwon ya fito da gudaji kamar tsakuwar Gulbi.
Mun cinye.
Babansa ya bugo daga hanyar Agadas,
na ce masa yaron ya iya.

Sahura ta shigo ta yi mini wanki, Allah ya saka,
ta shanya zannuwa a karkace,
ta juye gishiri a gwangwanin sukari.
Na yi godiya. Sauran maganar na haɗiye ta da koko.
Yara na sallama, akwai ƙuli-ƙuli?
Tiya biyar na gyaɗa na jingine a lungu suna jina
ina cewa sai an kwana biyu.

Ranar sha bakwai gida ba kowa.
Ganyen bedi ya cika tsakar gida,
tsintsiya na kwance kusa da randa.
Na ce ai ba ta kai buta ba.
Na share daga bakin ɗaki zuwa gindin turmi,
sai wani abu mai ɗumi ya ja ni daga ciki,
na zauna a ƙasa inda nake.
Ɗigo biyu a zane.

Lawali ya dawo daga lakwal.
Ya dubi inda shara ta tsaya, ya dube ni.
Bai ajiye jaka ba.
Ya ɗauki tsintsiyar, ya ƙarasa,
sannan ya taka turmi
ya cilla ta saman rufin madafa.

Tana can.
Daga tabarmata ina hango bakinta.
Saura kwana ashirin da biyar,
kuma iska ta sake tasowa.