Biyar a Bayan Randa

Likitar da ta bar mini uwarsu
ta ce wata shida za ta yi ta dawo.
Bana shekara biyu ke nan.
Karyar ta daina kallon ƙofa,
ta haihu a bayan randa, inda ƙasa ke da sanyi,
a daren da famfon Garin Malam ya kawo ruwa
bayan kwana tara yana tari.

Su biyar ne. Kunne har ƙasa,
shi ke riga baki faɗawa cikin kwanon madara.
Maƙwabcina Kiyari ya leƙo ta katanga ya ce,
"Barmo, waɗannan karnuka ne, ko 'ya'yan balami?"

Ta farin, 'yata Fanna ta sa mata Magajiya.
Ba ta haushi.
Zama take yi a gefen tabarma
ta kafa wa mutum ido
har sai ya tuna bashin da ake bin sa.

Ɗan jan kuwa, ɓarawo ne tun ido bai buɗe ba.
Ya ci igiyar takalmina,
ya ci takardar kuɗin wuta,
ya ja tsintsiya zuwa ƙarƙashin gado kamar ya kamo zomo.
In na ɗaga murya sai ya kwanta rigingine,
ya nuna mini ciki, fari fat,
shari'a ta watse.

Akwai biyu da ban raɗa wa suna ba,
don in ka kira ɗaya, biyu ke zuwa.
Faɗa da rana, barci wuya bisa wuya.

Sai auta, mai ɗigo a hanci.
Ƙadangare ya gyaɗa mata kai
ta yini a bayan turmi.

Kowace safiya nakan zuba su cikin kwando
in kai su bakin zaure su koyi gari:
ga kabu-kabu, ba dodo ba ne,
ga jakin mai ruwa da jarkoki suna gwara kai,
ga akuyar Kiyari, ba ta da kirki, a ba ta hanya.
'Yan lakwal kan tsaya daga nesa,
wani da dutse ɓoye a aljihu.
Nakan ce, tsuguna. Hannu ƙasa. Bari ya sansana tukuna.
Yaron da ya taɓa jin zuciyar kwikwiyo
tana bugawa a tafinsa
hannunsa zai yi nauyi ranar jifa.
Haka dai nake fata.

Yanzu sati bakwai, an fara sallama.
Mai gidan magani na Tudun Jamus ya zaɓi ɗan jan,
na ce ya tattara takalmansa.
Wata malama ta durƙusa, Magajiya ta dube ta, ta dube ta,
sannan ta aza haɓa bisa gwiwarta. Magana ta ƙare.
Wani ya zo da sarƙa yana tambaya, "Suna cizo?"
Na raka shi har bakin hanya, hannu wofi.
Mai garka daga Mirriya ya ce ɗaya yake so,
na ce biyu ko babu.
Ya tafi shawara.

Auta ba wanda ya taya.
Fanna ta ce, "Baba, kar ka tallata ta."
Na ce hatsi ya yi tsada.
Ta ce, "Nawa take ci?"

Jiya da la'asar, duwatsun Birni na sakin zafin yini,
ƙadangaren nan ya sauko kan randa.
Auta ta fito daga bayan turmi,
ƙafafu na rawa, kunne ɗaya a kife,
ta yi haushi, sau ɗaya, ɗan siriri,
har ita kanta ta firgita.

Uwarsu ta ɗaga kai ta dube ni.
Ban ce komai ba.
Na je na wanke kwanon madara,
na ajiye shi inda yake.