Ɗan Ruwa Biyu

A cikin jarka suka iso Garwa,
kwana uku a gaban tirelar Sadau,
su biyu, kowanne bai wuce babban yatsa ba,
baya kore da ɗigo-ɗigon baƙi,
ciki fari fat kamar alawayyo.

Sadau ya ce mai sayarwa a Duwala ya ja masa kunne:
"Ba na kogi ba ne, ba kuma na teku ba tukuna.
Inda biyun ke gauraya, can aka ƙyanƙyashe su.
Gishiri kaɗan yanzu. Suna girma, kana ƙarawa."

Barmo masunci ya leƙo ta taga,
ya yi dariya har hularsa ta faɗi.
"Talibambam? In ya faɗo komata a Binuwai
tudu nake jefa shi, yara su sha kallo.
Kai ka gina masa ɗakin gilashi har da fitila!"
Na ce naka na ruwan daɗi ne, Barmo,
nawa baƙo ne.
Ya ce, "To, a jiƙa masa kanwa."

Ba kanwa, ba manda, ba na miyar Lantana ba.
Gishirin teku ne, a farin buhu,
kuɗinsa ya fi na shinkafa.
Duk Asabar cokali guda,
in narka a bokiti, in zuba a hankali
kamar mai ba jariri magani.

Afirilu ya zo da zafinsa.
Ruwa ya sauka da yatsa biyu,
ya bar farin zane a jikin gilashi.
Na cike gurbin da ruwan gishiri.
Kashegari cikinsu ya yi toka-toka,
sun lafe a kusurwa, sun naɗe jela.
Ranar na koya:
rana ruwa take sha, ba ta taɓa gishiri.
Abin da ya tafi shi ake mayarwa.

Daren da aka ɗauke wuta
injin iska ya yi tsit.
Na kwana da famfon keke a hannu,
Lantana na jera ƙanƙara a leda,
tana mita, tana fifita da murfin kwano.
Da asuba ta ce, "Ko ni ban samu wannan ba."
Amma ba ta kwanta ba.

Zafi bai kashe ƙaramin ba.
Ɗan'uwansa ne, haƙori huɗu,
ya bi shi da gutsura har ya ƙarar masa da jela.
Da na sa raga in raba su, na makara,
babban ya kumbura ya zama lemo,
ido a waje, yana juyi.
Sau ɗaya ke nan na gani.
Yaran unguwa na roƙo in tsokane shi.
Ba na yi. Tsoro ne, ba wasa ba.

Yanzu shi kaɗai.
Ina masa kiwon katantanwa a tsohon baho,
don haƙorinsa ba ya daina tsiro
sai ya samu abin fasawa.
Ƙas! Daga tsakar gida ake ji.
Ya san takuna. In na shigo
yakan zo gaba, fiffike na rawa,
ido ɗaya a kaina, ɗaya a gwangwanin abinci.

Innata 'yar Kiribi ce.
Shekara arba'in a Garwa,
har ta rasu ana ce mata 'yar Kudu.
Takan lashi gishiri a tafin hannu
in ta zaci ba mai kallo.
Ni kuwa a can ɗan Arewa,
a nan ɗan ruwa biyu.

Wata tara ke nan.
Ma'auni ya ce saura kaɗan ruwan ya zama teku,
a nan, ɗakin Rumde Ajiya,
tsakanin firji da keken ɗinki.
Jiya na tsoma yatsa na kai baki.
Lantana ta gan ni.
Ba ta ce komai ba.