Daren Rufe Matatar Iska

Shekara shida ina ƙera shi a rumfar bayan gida,
nan Gangare, inda kwanon rufi ke yoyo kan fiffiken hagu.
Injin tsohuwar Bitil, haƙarƙarin katako,
tayoyin da na yi ciniki a Dilimi har la'asar sakaliya.
Duk an gama wannan.
Abin da ya rage bai kai faifai faɗi ba.

Chollom ya ce, "Sallau, shafa gam ka huta,
jan nan na cikin kwali, minti biyar ka wanke hannu."
Na ce, mota in ta shaƙe gefen titi take nema.
Kai ka taɓa ganin gefen titi
tsakanin Dutsen Shere da gajimare?
Gam in ya sha fetur sakin jiki yake yi,
ya ɓantare, guntu kamar ƙwayar acca,
ya bi maƙogwaron kafireta ya zauna.
Ni kuwa a lokacin ina sama, ba mai miƙo mini sifana.

Sai na jiƙa roba iri uku a gwangwanin tumatir,
kwana uku suna kwance cikin mai.
Ɗaya ta kumbura, ɗaya ta narke,
ta ukun ta fito da fuskarta ta jiya.
Lantana ce ta yanka ta da almakashin ɗinki,
ta bi layin alli ba ta ko numfasa ba,
ta ce, "Wuyan riga ya fi wannan gardama."

Ƙarfe tara aka ɗauke wuta. Na ce madalla.
Matata ta riƙe tocila, ni na riƙe matata,
mu duka uku muka yi shiru.
Ta cusa hasken cikin akwatin iska,
na zagaya ta waje ina farautarsa a baki-baki.
Ƙofar da haske ya bi, yashi ma ya san ta.
Kuma yashin garin nan jikan kuza ne,
ya ci haƙoran injinan Turawa, balle nawa.

Ga shi nan. Wajen kusa ta uku,
siririn zare, fari, kamar furfurar farko.

Na kwance. Na ɗora murfin kan gilashi,
na goga da samfefa har ya daina rawa.
Na mayar, ina ɗaurewa gicciye,
gabas, yamma, kudu, arewa,
kaɗan-kaɗan, kada wani gefe ya ci haƙƙin wani.
Na zura waya a kan kowace kusa, na murɗa,
ta yadda in ta so kwancewa
ita da kanta za ta ja igiyar da ta ɗaure ta.

Ta sake haskawa. Duhu ƙirin.
Ban taɓa murnar duhu irin ta daren ba.

Sannan na ƙirga abin da ke kan tire.
Wasa tara na zuba, takwas na ɗaura.
Ina ta tara?
Lantana ta ce, "Ta faɗi ƙasa mana."
Na ce, "mana" ba ta ɗaukar mutum sama ta dawo da shi.
Muka share rumfar, muka kakkaɓe buhu,
muka ɗaga kyanwa daga barcinta.
Har na ɗauki sifana zan warware aikin dare guda
sai ta yi ƙara a ƙasan kofin shayina.

Ba mu yi dariya ba sai da muka zauna.

Masu duba jirage ba su zo ba tukuna,
hanyar Heipang da sauranta.
Na rataye wasar da zare jikin ƙofa.
Ruwa ya sauko, yoyon ya koma wurinsa,
ta ja bokiti da ƙafa ta tara masa,
da baƙin mai har yanzu a babban yatsanta.