Ranar Sunan Mota

Shekara tara na yi durƙushe a gareji,
bayan gidanmu na Duluth, gab da tafki,
inda sanyi ke cizon yatsa har ƙashi.
Akwati goma sha ɗaya tirela ta sauke,
ƙarafa, notuna, gilashi naɗe a bargo,
da littafin zane mai cika baki
wai wata shida sun isa.
Wanda ya rubuta shi bai san Orrin ba.

Injin kuwa daga gawar wata mota na ciro,
a filin gwangwan na tsoho Haugen.
Na wanke cikinsa kamar kayan cikin rago,
na mayar masa da numfashi.
Ran da ya yi tari ya kama ruri,
kare ya shige ƙarƙashin gado,
maƙwabta suka ɗaga labule.

Sai na ɗauki hulata, na nufi ofis.
Ta bayan gilashi ta ce, wane kamfani ya ƙera?
Na ɗaga tafukana biyu, duk tabon wuta.
Ko gezau.
Ta ce, a littafinmu motarka ba a haife ta ba.
Na ce, tana shan mai, tana da ƙafa huɗu,
jiya ma ta ƙone mini hannu.
Ta ce, abin da ba shi da lamba ba ya taka kwalta.
Kawo rasit na kowane ƙarfe,
mu san ba na wani ka kwance ba.

Rasit.
Ni mai zubarwa ne, Bernadette mai tsincewa.
Gwangwanin biskit take tara su, shuɗi,
a saman firji.
Damina biyu ke nan da tafiyarta
ban taɓa murfinsa ba.

Daren nan na sauko da shi.
Ga na taya, ga na birki, ga na fenti
wanda muka yi kwana uku ba ma magana a kai,
ita ja take so, ni kore.
Duk sun fito, ban da na inji.
Na zazzage, na sake zazzagewa,
har agogo ya buga biyu.
Can ƙasa, wata takardar cefane:
madara, albasa, maganin tari.
Na juya bayanta.
Rubutunta ne, mai kwanciya gefe guda:
inji, dala ɗari huɗu, lambarsa kaza,
ga sa hannun Haugen kamar tafiyar kaza.
Ƙarƙashi ta ƙara layi ɗaya:
Orrin zai neme ta wata rana.

Ranar Talata mai duba ta zo,
Gail Tuominen, da tocila a baki.
Ta shimfiɗa kwali, ta shige ƙarƙashi,
ƙafafunta kaɗai nake gani.
Ta daɗe.
Na ji tana ƙwanƙwasa waldata ɗaya bayan ɗaya,
zuciyata na amsa mata.
Ta fito, ta karkaɗe gwiwa,
ta karanta takardar cefane har albasa,
ba ta ce komai ba sai, wa ya yi waldar nan?
Na ce ni. Ta ce, ba laifi.

Ɗan faranti ne, bai kai tsawon yatsa biyu ba.
Kusa biyu, ƙas, ƙas, a jikin shasi.
Haruffa da lambobi a jere,
ba daɗin faɗa, ba mai kira da shi.
Amma na tsaya na karanta da ƙarfi,
kamar mai raɗa wa jariri suna.

Da yamma na hau titin bakin tafki.
Kujerar dama tana nan yadda na daidaita
da tsawon ƙafarta.
Na ɗora gwangwanin, na ɗaura masa bel.
Hita ba ta aiki tukuna.
Motar ja ce.